Yadda Za Ku Karanta Infilameshan a Jikin Majinyaci

Duk shekara idan muka iso wannan darasi, da tambaya guda nake farawa: mene ne alamomin infilameshan? Sai aji ya amsa baki ɗaya: ja, zafi, kumburi, ciwo, da kasa aikin gaɓa. Sai in ce madalla, to me ya sa wurin ya yi ja? A nan ake yin tsit. Wannan shirun ne ya sa na zauna na rubuta muku wannan, ƙannena, domin haddar kalmomi biyar za ta ba ku maki a jarrabawa, amma ba za ta gaya muku lokacin da ya kamata ku tashi likita da tsakar dare ba.

Mu fara gyara kalma. A bakinmu kumburi shi ne wuri ya tasa, ya haye. Abin da littattafanku ke kira infilameshan ya fi haka faɗi: shi ne dukan martanin da jiki ke mayarwa idan an ji masa rauni, ko ƙwayar cuta ta shige shi, ko wuta ta ƙona shi, ko wani sashe nasa ya mutu don rashin jini. Kumburi alama ɗaya ce daga ciki. Saboda haka zan riƙa cewa infilameshan idan ina nufin aikin gaba ɗaya, kumburi kuma idan ina nufin tasowar wuri. Ku kuma raba shi da kamuwa da ƙwayar cuta. Wanda ya yi targaɗe yana da infilameshan sosai, alhali babu bakteriya ko guda a idon sawunsa.

Alamomi huɗun farko tsofaffi ne ƙwarai. Celsus, marubucin Rum, ya jera su tun ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa: rubor, calor, tumor, dolor, wato ja, zafi, kumburi da ciwo a harshen Latin. Ta biyar, wato kasa aiki, an ƙara ta daga baya, galibi ana danganta ta ga Rudolf Virchow, likitan Jamus na ƙarni na 19.

Hanyar da nake koyarwa ita ce ku ɗauki farar takarda ku zana jijiyar jini ƙarama guda ɗaya, kamar bututu, ku zana fata a samanta, ku soka mata sartse. Duk abin da zan faɗa daga nan, ku sa shi a kan wannan zane da hannunku. Wanda ya zana sau uku ba ya mantawa.

Da sartse ya shiga, jijiyar takan tsuke na 'yan daƙiƙoƙi, sannan ta buɗe. Masu buɗe ta su ne sinadaran da ake saki a wurin, na gaba-gabansu histamin, wanda ƙwayoyin mast, wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke zaune cikin nama, ke ajiye da shi a cikinsu suna jiran irin wannan rana. Jijiya ta buɗe, jini mai ɗumi daga cikin jiki ya kwararo da yawa. Ga ja, ga zafi. Alamomi biyu ke nan daga dalili guda.

Sai ku koma bangon jijiyar. An shimfiɗe cikinsa da ƙwayoyi masu manne da juna. Histamin da 'yan uwansa sukan sa waɗannan ƙwayoyi su takure, sai 'yan ƙofofi su buɗe a tsakaninsu, ruwan jini mai ɗauke da furotin ya tsiyayo cikin nama. Ga kumburi. Wannan ruwa da amfaninsa ya zo: yana tsarma dafi, yana kawo antibodi da komfiliment, furotin ɗin da ke kama ƙwayar cuta su taimaka a kashe ta, yana kawo fibirinojin da zai zama raga ya killace wurin don kada ɓarna ta yaɗu. Ciwo kuwa daga wuri biyu yake: ruwan da ya taru yana matse jijiyoyin ji, sannan wasu sinadarai, biradikinin da furostagilandin, suna ƙara musu saurin jin zafi, har taɓawa kaɗan ta zama azaba. Wuri ya kumbura yana ciwo, dole mutum ya daina mora shi, kuma wannan hutun na dole yana taimakon warkewa.

A nan zan tsaya, domin akwai abin da hotunan littattafanku ba sa nuna muku. Kusan dukansu farar fata ce, inda ja ke fitowa fili kamar an shafa. A baƙar fata ja ba ya bayyana haka. Wurin yakan ƙara duhu, ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko ya yi sheƙi ya ɗame. Idan kuka tsaya jiran ganin jan littafi, za ku makara. Ku sa bayan hannunku ku ji ɗumin wurin, ku gwada da ɗaya gefen, ku duba a haske mai kyau, ku tambayi majinyaci ko mai jinyarsa ko kalar wurin ta sauya, don sun fi ku sanin fatar. Kada kuma ku rubuta "babu ja" a takarda idan abin da kuke nufi shi ne ba ku gani ba.

Haka nan ba kowane kumburi ne na infilameshan ba. Ƙafafun mai ciwon zuciya sukan kumbura duka biyun, da sanyinsu, ba ciwo, in ka danna yatsa ya lotsa. Ƙafa ɗaya da ta kumbura, ta yi ɗumi, tana ciwo, wani zance ne daban: ko ƙwayar cuta a ƙarƙashin fata, ko gudan jini a jijiya ta ciki. Wannan ba a murza ta, ba a matsa ta. Ana kai rahoto.

Yanzu ku zana fararen ƙwayoyin jini. Da ruwa ya fice, jinin da ya rage a jijiya ya yi kauri, gudunsa ya ragu. Nutrofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin, waɗanda a da suke tsakiyar kwararar jini, sai su matso gefe. Su fara mirginawa a jikin bango, wasu furotin masu suna selektin suna riƙe su suna saki. Daga nan integirin ya kama su gam, su kutsa ta tsakanin ƙwayoyin bango su fita, su bi sawun sinadarai har inda ɓarnar take, su haɗiye bakteriya su narkar da ita. Julius Cohnheim ya kalli wannan fita da idonsa a madubin likita a jikin kwaɗo a shekarar 1867. A 1882 kuma, a garin Messina na Italiya, Élie Metchnikoff ya soka ƙaya a jikin jaririn wata halittar teku mai kama da tauraro, wadda ake iya hango cikinta, washegari ya tarar ƙwayoyi sun yi wa ƙayar dafifi. Daga nan aka fahimci cewa waɗannan ƙwayoyi kare jiki suke yi. Ya sami kyautar Nobel a 1908 tare da Paul Ehrlich. Ina son labarin nan ne saboda sartsen da ke kan takardarku shi ne ƙayarsa.

Nutrofil su ne masu yawa a wurin cikin awa 6 zuwa 24 na farko, kuma ba su da tsawon rai. Mugunya da kuke sharewa a wankin ciwo gawarwakinsu ce, haɗe da bakteriya da naman da ya narke. Idan ta taru a rufe ta zama maruru, magani ba ya ratsa ta sosai, shi ya sa ake tsagawa a fitar. Bayan awa 24 zuwa 48 monosait, wani nau'in fararen ƙwayoyin kuma, ke rinjaye, su rikiɗe su zama makrofaj. Makrofaj ne nake so ku fi riƙewa. Shi ke share wurin, shi ke aika saƙo ga sauran jiki, shi ne kuma ke juya akalar aiki zuwa gyara idan faɗa ya ƙare, ya kira masu saƙa sabon nama da sababbin jijiyoyi.

Saƙonnin da yake aikawa su ne saitokain, manyansu IL-1, IL-6 da TNF. Ku ja kibiya uku daga zanenku. Ta farko zuwa ƙwaƙwalwa: a can, ta hanyar furostagilandin, ake ɗaga ma'aunin zafin da haifotalamus, wani sashe na ƙwaƙwalwar, ke tsare da shi. Jiki yana kan digiri 37, an ce masa ya kai 39, sai ya ji kamar sanyi ake yi. Majinyaci ya kama makyarkyata, hannuwansa su yi sanyi, ya nemi bargo. Rawar sanyi alama ce zafi yana hawa. Gumi kuma alama ce an sauke ma'aunin, jiki yana zubar da zafin da ya tara. Don haka goga wa mutum ruwa yana tsakiyar makyarkyata wahalar da shi ne kawai, jikinsa zai ƙara rawa don ya maido abin da kuka ɗebe. Kibiya ta biyu zuwa ɓargo: a ƙara fitar da fararen ƙwayoyi. A lafiyayyen baligi suna tsakanin 4,000 da 11,000 a kowace maikrolita. Idan buƙata ta yi yawa har waɗanda ba su gama nuna ba ake turowa, kuma za ku gan su a sakamakon gwaji. Ta uku zuwa hanta: ta ƙera furotin irin su CRP, wanda ke fara hawa cikin 'yan awoyi, ya kai ƙololuwa wajen kwana biyu, ya kuma sauka da sauri idan abin ya lafa. CRP yana cewa akwai wuta, ba ya faɗin inda take ko abin da ya kunna ta. Bayan tiyata zai hau ko da babu ƙwayar cuta. Abin lura shi ne inda ya dosa daga yau zuwa gobe.

Duk wannan garkuwa ce ta haihuwa, mai sauri, wadda ba ta tantance wace ƙwaya ce. Akwai ta biyu, mai koyo, kuma zan taƙaita ta don tana da nata darasin. Wasu ƙwayoyi masu rassa, dendiritik, sukan ɗauki guntun ƙwayar cutar su bi hanyar ruwan limf zuwa kullutun da ke kusa, su nuna wa limfosait, fararen ƙwayoyin wannan garkuwa mai koyo. Waɗanda suka dace da wannan guntu su hayayyafa, kullutun ya girma. Kaluluwa ke nan. Shi ya sa ciwon ƙafa ke jawo kaluluwa a matsematsi, na hannu a hammata, kuma shi ya sa in kun ga kaluluwa za ku nemi ciwon a yankin da take tsaro. Limfosait T mai alamar CD4 shi ke ba da umarni, mai CD8 yana kashe ƙwayoyin jikin da bairos ya shiga, limfosait B kuma yana ƙera antibodi, IgM da farko, IgG daga baya. Haɗuwar farko takan ci kusan mako guda ko fiye kafin antibodi su taru. A karo na biyu ƙwayoyin tuni suna nan, martani ya zo da wuri kuma da ƙarfi. Allurar rigakafi wannan haɗuwar farko ce aka shirya ba tare da cutar ba, kuma ciwon dantse da ɗan zazzaɓin da ke biyo ta infilameshan ne ke aikinsa. Ku gaya wa iyaye haka tun kafin su bar wurinku.

To, ga yadda ake amfani da duk wannan a gefen gado. Tambaya biyu nake yi wa kowane rauni: yau kwana nawa, kuma gaba yake yi ko baya? Ɗinkin tiyata a kwana na ɗaya zuwa na uku zai yi ɗumi, gefensa ya ɗan tasa, ya yi ciwo. Wannan daidai ne, da babu shi da ba a warke ba. Abin da ake sa rai shi ne kullum ya ragu. Idan a kwana na huɗu, na biyar ko bayan haka ciwo ya dawo yana zuga, ɗumi ya faɗaɗa, ruwan da ke fita ya yi kauri ko wari, to kun bar warkewa kun shiga wani abu. Ku ɗauki alƙalamin zane a fata ku kewaye iyakar wurin, ku rubuta kwanan wata da lokaci. Wadda za ta karɓe ku ba sai ta yi hasashe ba, za ta ga ko ya tsallake layi. Kanular ƙarin ruwa ma haka: ku buɗe ku duba a kowane zagaye, ku shafa bisa jijiyar. In akwai ciwo, ɗumi, ko jijiyar ta yi tauri kamar igiya, a cire a sauya wuri. Ku kuma rubuta lokacin da aka ba da farasitamol kusa da awon zafi, domin digiri 37 awa ɗaya bayan magani ba ɗaya yake da 37 na wanda bai sha komai ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne majinyacin da ba ya nuna alama. Ku duba zanenku: kowace alama aikin garkuwa ce. Wanda garkuwarsa ta raunana ba shi da abin yin ja, ko mugunya, ko zazzaɓi. Tsofaffi, jarirai sabbin haihuwa, masu shan siteroid, maganin da ke danne garkuwa, na dogon lokaci, masu karɓar maganin kansa, masu HIV da CD4 ɗinsu ya yi ƙasa, masu tamowa, da masu ciwon suga da jijiyoyin ƙafarsu suka daina ji. A jariri, sanyin jiki ƙasa da digiri 35.5 da ƙin kama nono alamun haɗari ne daidai da zazzaɓi. A wanda nutrofil ɗinsa suka faɗi ƙasa da 500 a kowace maikrolita, zazzaɓin digiri 38 da ya tsaya lamarin gaggawa ne ko da yana zaune yana hira.

Ina sabuwar fara aiki na yi jinyar wata dattijuwa, kwana biyar bayan tiyatar ciki, wadda ta daɗe tana shan siteroid saboda ciwon gaɓɓai. Zafin jikinta 36.4, ɗinki a bushe. Na rubuta komai lafiya. 'Yarta ta tare ni ta ce, "Sista, Mama fa ba haka take ba. Tun la'asar take kirana da sunan ƙanwarta." Na ce gajiya ce. Babbar sistar da ke kanmu ta ji mu, ta zo ta tsaya da agogo ta ƙirga numfashi minti guda cur: 28. Awon jini ya sauka zuwa 94 a sama. Jakar fitsari kusan babu komai tun rana. Kafin asuba an mayar da ita ɗakin tiyata, aka tarar ɗinkin hanji ya ɓalle. Ta rayu. Ni kuwa tun daga ranar ban ƙara rubuta adadin numfashin da ban ƙirga ba, ban kuma ƙara wuce maganar mai jinya ba idan ta ce mutum ya sauya.

Sefsis ke nan, kuma zanenku ya riga ya bayyana shi. Ku ɗauki abin da ya faru a jijiya guda ku shimfiɗa shi a jiki duka. Jijiyoyi duk sun buɗe, awon jini ya faɗi. Duk suna yoyo, ruwa ya bar cikin jini ya shiga nama da huhu. Ƙananan gudajin jini su toshe hanyoyi. Ƙoda ta rasa jini, fitsari ya ragu. Ƙwaƙwalwa ta rasa, mutum ya ruɗe. Ma'anar da masana suka amince da ita a 2016 ita ce gazawar sassan jiki mai barazana ga rai, sakamakon martanin jiki ga ƙwayar cuta da ya fita daga tsari. Tare da ita aka kawo alamomi uku na gefen gado: numfashi 22 ko fiye a minti, awon jini na sama 100 ko ƙasa, da sauyin hankali. Biyu daga ciki a wanda ake zargin ƙwayar cuta sun isa ku ɗaga murya, amma rashinsu ba ya wanke majinyaci. Ku haɗa da fitsari: ƙasa da rabin mililita a kowane kilo a awa abin damuwa ne. A ɗebi jinin gwajin ƙwayar cuta kafin a fara maganin kashe ta, muddin hakan ba zai jawo jinkiri ba, kuma in jini ya faɗi, cikin awa guda ake so maganin ya shiga.

Ɗan uwansa mai gaggawa shi ne anafilaksis. Nan antibodi IgE ne ke sa ƙwayoyin mast na jiki duka su zazzage histamin a lokaci guda, cikin mintoci bayan allura ko harbin ƙwaro. Borin jini, kumburin leɓe da harshe, shaƙewar murya, numfashi mai fito, faɗuwar jini. Ku tsayar da abin da ake bayarwa, ku nemi taimako, a ba da adirenalin a tsokar cinya ta waje, miligiram 0.5 ga baligi, a maimaita bayan minti biyar in babu sauƙi. Maganin ƙaiƙayi ba ya maye gurbinsa. Kada a miƙar da majinyacin tsaye. Ku san inda adirenalin yake a sashenku tun ranar farko.

Idan abin da ya tayar da infilameshan ya ƙi gushewa, kamar ƙwayar tarin fuka, ko garkuwa ta juya kan jikin mai ita kamar a amosanin gaɓɓai, sai ya zama na dindindin: makrofaj da limfosait su zauna, ɓarna da gyara su riƙa tafiya tare, tabo ya maye gurbin nama mai aiki.

Magunguna ma a kan zanen za ku ɗora su. A 1971 John Vane ya nuna cewa asfirin yana hana ƙera furostagilandin. Ibufurofen da dikulofenak ma hanyarsu ke nan. Cire furostagilandin yana rage ciwo da zazzaɓi, amma shi ne kuma ke kare bangon ciki, yake riƙe kwararar jini zuwa ƙoda. Daga nan kun san wanda za ku yi hattara da shi ba tare da hadda ba: mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, tsoho, da wanda ruwan jikinsa ya ƙare. Farasitamol yana sauke zazzaɓi da ciwo, amma tasirinsa kan kumburi kaɗan ne. Siteroid kuwa yana danne kusan kowane mataki, shi ya sa yake da ƙarfi, shi ya sa kuma yake ɓoye alamu, ya jinkirta warkewar rauni, ya ɗaga suga. Wanda ya daɗe a kansa ba ya dainawa farat ɗaya.

Aikinku kafin mu sake haɗuwa: a zagayenku na gaba kowa ya zaɓi majinyaci guda mai rauni ko ɗinki ko kanula. Ku rubuta kwana nawa ne, ku taɓa gefe biyu da bayan hannu, ku ƙirga numfashi minti guda da agogo, ku duba jerin magungunansa ko akwai mai ɓoye alama. A bayan takardar ku zana jijiyar nan, ku sa alama a matakin da kuke ganin jikinsa yake. Ku koma wurinsa washegari ku sake, ku zo mini da takardun biyu.